Bawul ɗin zuciya na ƙarfe ko na dabba? Likita ya ba ni sati biyu in zaɓa

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya san abin nan ko wanda aka taɓa yi wa, don kwana uku kenan rabona da barcin kirki. Shekarata 28, ina da aure da 'ya ɗaya mai shekara huɗu. Tun da cikinta na fara haki, in na yi shara ko na ɗauko bokitin ruwa sai numfashi ya gagare ni, ƙafafu su kumbura, da daddare kuma sai na tara filo uku kafin in iya kwanciya. Aka yi ta ce min ai laulayi ne in kin haihu zai wuce, to na haihu bai wuce ba. Sai bara aka tura ni asibitin koyarwa aka yi min eko, wato hoton zuciya, likita ya ce bawul ɗin ɓangaren hagu na zuciyata, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, wanda suke ce wa maitiral, ya lalace, ya tsuke kuma yana yoyo. Wai asalinsa ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba. Na tambayi Umma ta ce ƙwarai kuwa, ina 'yar shekara tara na yi wani zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi har na kasa taka ƙafa, aka ce sanyi ne aka yi ta ba ni jiƙe-jiƙe.

Da farko an so a buɗa shi da balan-balan ta jijiyar cinya, amma ya ce saboda yoyon da kuma yadda ya yi tauri ba zai yiwu ba sai dai a canja shi gaba ɗaya. Shine ya ce iri biyu ne, akwai na ƙarfe wanda in an sa shikenan yawanci ba a sake canjawa amma zan sha maganin tsinka jini ana yi min awon jini a kai a kai har ƙarshen rayuwata, akwai kuma na dabba wanda ba sai na dawwama kan maganin ba amma yana tsufa, sai an sake aiki. Ya ce in je in yi shawara da maigidana in dawo nan da sati biyu.

Abin da ke damuna, ina son in ƙara haihuwa, ba zan ɓoye muku ba. Sannan garinmu tafiyar awa uku ce zuwa inda ake awon jinin da ya ce. Kuɗin aikin nan kuma sai da Baba ya sayar da gona yayyena suka haɗa nasu kafin ya kusa cika, ta ina zan sake ce musu a haɗo wani nan da shekara goma? Kuma na ji ance na dabbar daga alade ake cirowa, gaskiya ne? Dan Allah ku taimaka min.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya yasa kaffara ne. Ni na ƙarfe aka sa min a Indiya ina da shekara 34, yau shekara goma sha ɗaya kenan, kuma alhamdulillah ban sake kwanciya a kan gadon tiyata ba. Zan gaya miki yadda zaman yake ba tare da na ƙawata miki ba.

Na farko yana ƙara. Kas kas kas kamar agogon hannu, in dare yayi shiru za ki ji, wanda ke kusa da ke ma zai ji. Watannin farko ya hana ni barci, yanzu kuwa sai in na tuna nake jinsa, har ma in na ji shi hankalina kwanciya yake don na san yana aiki.

Wafarin, wato maganin tsinka jinin, shine maganar. Kullum bayan magariba nake sha, lokaci ɗaya, ko a hanya nake ko a gidan biki, akwai shi a aljihuna akwai a gida akwai a shago. Awon INR kuma, wato awon da ke nuna yadda jinin ya tsinke, da farko kusan duk sati ne, da ya daidaita ya koma wata-wata. Sau ɗaya na sha wuya, cikina ya ɓaci na je kemis yaron ya ba ni Flagyl ban gaya masa ina kan wafarin ba, shi ma bai tambaya ba, bayan 'yan kwanaki dasashina ya dinga jini fitsarina ya koma ja, da aka auna INR ɗin ya haura nesa da inda ake so, sai da na kwana biyu a asibiti. Tun daga ranar ko maganin mura ba na sha sai na kira likitana. Ƙaho na daina, kuma tuƙin dogon zango ma na haƙura na buɗe shagon kayan mota, saboda hatsarin da wani zai tashi da ƙujewa ni zai iya zame min zubar jini a ciki.

In da a ce namiji ne ya yi tambayar nan da shekarunki, na ƙarfe zan ce masa kai tsaye. Amma maganar haihuwa ba fagena bane, mata su yi miki bayani. Abu ɗaya dai, tafiyar awa ukun nan da kika faɗa kar ki raina ta, ki zauna ki lissafa kuɗin mota da na awo na shekara guda ki gani.

Ummu Sadiq ta amsa:

'Yar uwa wallahi kamar labarina kike bayarwa. Ni ma maitiral ne, ina da shekara 25 aka yi min, lokacin ko haihuwar fari ban yi ba, na zaɓi na dabba, na saniya aka sa min. Wata uku na sha wafarin aka tsayar aka bar ni da asfirin. Na haifi yara biyu lafiya lau da shi, awon cikina a wajen likitan mata da likitan zuciya tare, ba allurar tsinka jini ta kullum ba fargabar jini.

Amma ki ji ƙarshen. Shekara takwas da 'yan watanni hakin ya dawo, a hankali a hankali, har na fara ƙaryata kaina ina cewa gajiyar raino ce. Da aka yi eko aka ce ya yi tauri ya fara tsukewa. An ce min tun farko zai iya kai goma zuwa goma sha biyar, amma likitan ya gaya min gaskiya tun lokacin cewa a jikin mai ƙuruciya ya fi saurin lalacewa, ni ce dai na riƙe goma sha biyar ɗin a raina na manta da sauran maganar. Aiki na biyu ya fi na farko wuya, ya fi daɗewa, na fi daɗewa a ɗakin kulawa ta musamman, sun ce saboda tabon aikin farko komai ya manne a ciki sai an bi a hankali. Kuma ranar da za a shiga da ni ƙaramin yarona ko shekara uku bai kai ba, abin da na ji a zuciyata da na kalle shi ba zan iya rubutawa ba. Yanzu na ƙarfe ne a jikina, ina kan wafarin kamar Baba direba da yayi magana a sama.

In aka mayar da ni baya zan sake zaɓar na dabbar, saboda yaran nan biyu. Amma ni maigidana ma'aikaci ne, tun ranar da aka sallamo ni daga aikin farko muka buɗe asusu daban muna zubawa duk wata saboda mun san ranar tana zuwa. Ke kin ce sai da aka sayar da gona. Shi yasa ba zan ce miki ki bi sawuna ido rufe ba. Ki zaunar da maigidanki ku yi maganar kuɗin aiki na biyu yanzu, ƙiri-ƙiri, kar a ce miki Allah zai kawo a wuce wajen. Allah shi ke kawowa, amma ku san ta wace hanya kuke sa rai.

Sista Nas ta amsa:

Sannu Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu ciwon zuciya, ba likitar tiyata bace kuma ban ga ekonki ba, don haka ki ɗauki maganata a matsayin abin da za ki koma wa likitanki da shi.

Na ƙarfen da ake faɗa ma ba ƙarfe bane zalla, yawancin na yanzu wani irin kabon ne mai tsananin ƙarfi, da 'yan marafai biyu masu buɗewa da rufewa, irin wannan ƙirar tun 1977 ake sa ta, kuma shi kansa aikin canja bawul da na roba da ƙarfe ya kankama ne tun 1960 a Amurka, kin ga ba sabon abu bane da ake gwaji a kanki. Shi ba ya tsufa. Matsalarsa jini yana ganinsa baƙo sai ya nemi ya daskare a jikinsa, in gudan jini ya taru ko ya hana shi motsi ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Kuma a maitiral haɗarin ya fi na ɗaya bawul ɗin da ake kira ayotik, shi yasa mai maitiral na ƙarfe ake so INR ɗinsa ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ƙasa da haka jini na iya daskarewa, sama da haka zubar jini. Kuma dan Allah duk mai karantawa ya ji wannan, sabbin magungunan tsinka jinin nan da ba a yi musu awo irin su ribaroksaban da dabigataran ba sa maye gurbin wafarin ga mai bawul na ƙarfe. An gwada dabigataran aka tsayar da gwajin saboda daskarewar jini da zubar jini duk sun ƙaru. Kar wani mai kemis ya ce miki ga na zamani.

A ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2020, in bawul ɗin maitiral za a canja, wanda bai kai shekara 65 ba an fi karkata ga na ƙarfe, wanda ya kai 65 ko ya haura kuma na dabba. Amma mace mai niyyar haihuwa an ware ta daban, ƙa'idar Turai ma cewa ta yi a duba mata na dabba. Dalili shine wafarin yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, ya fi illa tsakanin sati na 6 da na 12 lokacin da ake halittar ƙashi da fuska, kuma yana ƙara yawan ɓari. In abin da mace ke sha bai wuce miligiram 5 a rana ba haɗarin ya ragu sosai har wasu likitoci su bar ta a kai, in ya wuce sai a mayar da ita allurar tsinka jini ta hefarin sau biyu a rana a watannin farko, ita kuma allurar tana da nata awon na daban wanda ba kowane asibiti ke yi ba, kuma lokacin canjin nan ne bawul ya fi toshewa. Wajen sati na 36 a sake canjawa, a tsara ranar haihuwa a babban asibiti. Ana yi, na ga waɗanda suka haihu lafiya da na ƙarfe, amma duk waɗanda na gani suna kusa da asibiti ne kuma sun zo tun kafin cikin ya shiga, ba bayan wata uku ba. Shayarwa kam ba matsala, mai shan wafarin tana shayarwa. Jinin al'ada yana iya ƙaruwa, wannan ma ki sani.

Na dabba kuma kin ji daga bakin Ummu Sadiq, ba abin da zan ƙara sai cewa yanzu akwai dabarar sa sabon bawul a cikin tsohon ta jijiya ba tare da an buɗe ƙirji ba, amma tana da tsada ƙwarai kuma ba ko'ina ake yi ba, kar ki gina lissafinki a kanta.

Tambayoyin da nake so ki yi masa ranar da kika koma. Shin bugun zuciyarki daidai yake ko ya rikice, abin da suke rubutawa AF a kati? Wannan yana da muhimmanci sosai, don in kina da shi to ko na dabba aka sa miki wafarin ɗin dai za ki sha, kin ga babban amfanin na dabbar ya ragu. Sannan ki tambaye shi ko likitan tiyatar yana ganin za a iya gyara naki bawul ɗin a bar miki abinki, a irin ciwonki gyara yana da wuya amma tambaya ba laifi. Ki tambaye shi kuma bayan aikin wata nawa za ki jira kafin ɗaukar ciki da wane tsarin iyali ya dace da ke kafin nan, don ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba su dace da mai irin lalurarki ba.

Maganar abinci, mutane suna tsorata marasa lafiya a banza. Ba a hana ki zogale ko alayyahu ko rama ko miyar kuka ba. Ganye yana da bitamin K mai rage ƙarfin wafarin, abin da ake so ki ci daidai yadda kika saba, kar wannan satin ki ci kwaɗon zogale kullum sati mai zuwa ki daina ɗungurungum. Abin da nake tsoro shine jiƙe-jiƙe da maganin gargajiya da ba a san me ke ciki ba, da su ibufurofen da diklofenak da ake sha kamar gyaɗa, da Septrin da Flagyl da maganin tarin fuka. Azumi ma in ya zo a sanar da likita a ƙara awo saboda cin abinci yana canjawa. Kuma kalar ƙwayar wafarin tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, lambar jiki ake dubawa.

Ko wanne aka sa miki, allurar fenisilin ta wata-wata ba a dainawa don an yi aiki, ita ke kare sauran bawul ɗin daga ciwon da ya ci wannan. Ki kula da haƙoranki sosai, ƙwayar cuta daga baki tana iya sauka kan bawul. Ilham kuma duk ranar da ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai ta asibiti, kar a tsaya cire beli.

Abu Fatima ya amsa:

Malama game da alade, eh akwai wanda ake yi da bawul ɗin alade, akwai kuma wanda ake ɗinkawa da fatar da ke lulluɓe da zuciyar saniya, kuma na saniyar yana da yawa yanzu, kina da damar ki ce shi kike so tun kafin a yi odarsa. In ma aka wayi gari babu sai na aladen kuma rai na cikin haɗari, malamai da yawa sun yi bayani a babin lalura, aya ta 173 a Suratul Baƙara ta ɗauke laifi ga wanda ya matsu. Ki samu malamin da kika natsu da shi ki yi masa bayanin yadda likita ya faɗa. Ki yi istihara kuma. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Yayan Marigayiya ya amsa:

Na daɗe ina karantawa ina tunanin in yi magana ko in yi shiru. Ƙanwata na ƙarfe aka sa mata, aikin yayi kyau, ta warke ta yi ƙiba har ta koma makaranta. Shekara biyu tana shan magani. Sai aka yi mata aure ƙauye, maganin ya ƙare, mijin ya ce ai ta warke, ita ma tana jin kanta garau, mu kuma da muke birni ba wanda ya bi ya tambaya, ni ma ban tambaya ba. Ba ta cika wata biyu ba magani ba numfashi ya sarƙe mata cikin dare, kafin a samo mota a iso asibiti rai yayi halinsa.

Ba don in tsorata ki na faɗa ba 'yar uwa. Lokacinta ne yayi. Amma in na ƙarfen za ki zaɓa, ki tabbata ba ke kaɗai kika san maganin nan ba, maigidanki da uwar mijinki da yayyenki duk likita ya zaunar da su ya gaya musu da bakinsa cewa jin sauƙi ba dalilin dainawa bane. A sa mutum ɗaya takamaimai wanda sayen maganin ke wuyansa.

Maman Ilham ta dawo:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Yaya Allah ya jiƙanta da rahama ya ba ku haƙuri, wallahi sai da na yi kuka. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Anti Sista na ɗauko katina na duba ban ga an rubuta AF ba, kuma cikin magungunan da nake sha yanzu babu wafarin, na fitsari ne da na rage bugun zuciya da allurar wata, amma zan tambaye shi ya tabbatar min. Jiya da daddare na karanta wa Abban Ilham amsoshinku tun daga farko har ƙarshe, yayi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi rayuwata ta fi masa ƙarin haihuwa, in Ilham kaɗai Allah ya rubuta mana ya gode. Ni ce dai zuciyata ta kasa sakin maganar. Ya ce zai bi ni ranar Talata, kuma zai kira babban yayana su yi maganar aiki na biyu tun yanzu kamar yadda Anti Ummu Sadiq ta ce, in sun ga ba hanya to kar in sa rai da na dabba.

Mun kuma gano akwai wani ɗakin awo mai zaman kansa a garin da ke kusa da mu, tafiyar minti arba'in, gobe zai je ya tambaya ko suna yin INR da nawa suke karɓa. Baba direba dan Allah ita na'urar nan da na ji ance ana awo da ita a gida ta ɗigon jinin yatsa, ka taɓa amfani da ita? Ana samun tsinkenta a nan ko sai an aiko daga waje?